Danja ta ba mota hannu, mai tafiya a ƙasa fa yaushe ne nasa?

Ɗan Marusa: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Tambaya gare ni, musamman ga masu tuƙi da injiniyoyin da ke cikinmu. A mahaɗa mai hannu huɗu, danja takan saki hannu ɗaya ta riƙe uku, ta yi ta zagayawa a haka. Na gabas ya samu rabonsa, na kudu ya samu, na yamma da na arewa su ma haka. To mai tafiya a ƙasa, ina nasa rabon? Ko a inda aka liƙa fitilar nan mai hoton ɗan mutum, za ka ga ta yi kore amma ababen hawa na ta kwararowa ta gabanka. Tsallaka titi a bakin danja ya zama sai mai zafin nama. Tsoho da yaro da mai goyo sai dai addu'a.

Direban Jibiya: Wa'alaikumussalam. Malam, ni kullum ina bisa hanya, kuma in gaya maka gaskiya laifin masu ƙafa ya fi yawa. Mutum ya toshe kunne da waƙa, ido na kan waya, ya faɗo titi ba duba ba waiwaye. Danja ta sake ka, ka ɗora ƙafa a totur, sai ka ga mutum ya ɓullo ta tsakanin motoci. In tsautsayi ya gifta, kafin a tambayi yadda aka yi an fara jifan gilashinka.

Maman Biyu: Direba, ni ba na riƙe waya in zan tsallaka, yara nake riƙewa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Gaya mini lokacin da ya kamata in sa ƙafa. In na jira ja ta kama motocin gabana, ina kai tsakiya sai in tarar ɗaya ɓangaren ya cika da gudu. In na jira wancan ya lafa, wannan ya tashi.

Direban Jibiya: Hajiya, sai ki jira su duka su lafa mana.

Maman Biyu: Da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, an taso daga makaranta? Sai dai in kwana a wurin.

Injiniya: Ɗan Marusa, tambayarka tana da amsa, sai dai ba mai daɗi ba ce. A tsarin da ka kwatanta babu ko daƙiƙa ɗaya da aka ware wa mai ƙafa. Rara yake tsinta. Abin da Maman Biyu ta faɗa ma ba rashin iya tsallakawa ba ne, haka lissafin yake.

Ɗauki hannun gabas, titi mai tagwayen hanya. Rabinsa na masu shigowa mahaɗa ne, rabinsa na masu fita. Idan ja ta kama gabas, masu shigowa sun tsaya, wannan rabin ya zama naka. Amma a daidai lokacin ne ɗaya rabin yake cike, domin duk hannun da aka saki, kudu ne ko yamma ko arewa, akwai masu nufin gabas a cikinsa. Rabin fita ba ya yin shiru sai an ba gabas ɗin kanta kore, a lokacin kuma rabin farko ya koma hannun motoci. Ka ga ke nan babu lokacin da titin yake buɗe maka tun daga wannan baki har wancan.

Saboda haka tsallakawa biyu ce. Ka ƙetare rabin masu shigowa lokacin da ja ta riƙe su, ka tsaya a dakalin tsakiya. Idan aka sake su, ga su nan suna wucewa ta bayanka, sai ka ƙetare rabin fita. Ko a nan ma sai ka sa ido kan mutum biyu: mai juyowa ya koma inda ya fito, da mai shan kwanar dama daga hannun da ke maƙwabtaka, wanda da yawa ba sa jiran danja.

Ɗan Marusa: Ikon Allah. Wato in na ga motocin hannuna sun tashi, a lokacin ne ɗaya rabin ya fi aminci? Ai ni da akasin haka nake ɗauka.

Injiniya: A danjar da ke sakin hannu ɗaya-ɗaya, haka ne. In kuwa mai sakin hannu biyu masu fuskantar juna ce a tare, lissafin ya sauya. Shi ya sa in ka zo danjar da ba ka saba da ita ba, ka tsaya ka kalli zagaye ɗaya cikakke kafin ka sa ƙafa. Minti biyu ne, ba zai wuce haka da yawa ba.

Maman Biyu: Injiniya, na gane bayanin, Allah Ya saka. Amma dakalin tsakiyar da kake cewa in tsaya a kai, a wasu wuraren faɗinsa bai kai tafin ƙafa biyu ba. Ga turken fitila, ga allon talla. Ina goye da jariri, madubin tifa ya wuce ta bayana, abin da zai fara taɓawa kan yaron ne.

Injiniya: Gaskiyarki. Wurin tsayawa na tsakiya da aka yi don mutane ana so faɗinsa ya kai kusan mita 2, kuma a sassauke kankaren daidai da kwalta a wurin da za a bi, don keken guragu da baro su iya shiga. Namu galibi an yi su ne don raba motoci kawai.

Bakano a Katsina: Ku dai Katsinawa kunya gare ku, shi ya sa kuke tsayawa jiran mota. A Kano ɗaga hannu ake yi a kutsa, adaidaita sahu ya san yadda zai yi da kai.

Ɗan Marusa: Ƙarasa kirarin mana, ba dai tsoro ba. Kuma kutsen nan naku shi ya sa aka kafa muku KAROTA, hukumar kula da tituna ta Kano, tun kafin mu san tamu ta Katsina, KASSAROTA.

Baba Mai Ritaya: Yara ku bar raha ku ji. Mu da munka ga canjin hannu mun san abin da ake nufi da ido ya saba. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Gowon, ƙasar nan ta bar tuƙi a hagu irin na Ingila ta koma dama. Lokacin ko jihar Katsina babu, muna ƙarƙashin Arewa ta Tsakiya, sai 1987 anka ba mu tamu. Kafin canjin, dama ake fara dubawa. Bayan canjin, motar da ta fi kusa da kai daga hagu take fitowa. To har gobe ina jin ana koya wa yara "duba dama, duba hagu". Juye yake. Hagu, sannan dama, sannan hagu kuma. In ka kai dakalin tsakiya sai abin ya juya, daga dama za su zo maka.

Malama 'Yar Daura: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Haka nake koya wa 'yan ajina. Sai dai na ƙara musu da cewa ko titin hannu ɗaya ne su duba duka ɓangarorin, saboda masu babur da ke bin wan-we. Yaro ya duba hagu yadda aka koya masa, ɗan acaɓa ya zo masa ta dama.

Mai Kurkura: Na san za a iso kanmu. Kafin a iso, ku bari in faɗi namu. In danja ta kama ni na tsaya bayan farin layi kamar mutumin kirki, kafin ƙiftawar ido babur biyar da kurkura uku, wato adaidaita sahu, sun zagaye ni sun yi sahu a gabana, a kan zanen masu tsallakawa. Fasinja na cewa "kai malam matsa mana, ko baƙo ne kai?" Sannan agogon nan mai ƙirga lokaci, yana kai 5 an fara hon daga baya. Yana kai 3 sahun gaba ya tashi. In ka tsaya jiran kore sai an zage ka tas.

Injiniya: Mai Kurkura ya taɓo wurin da ya fi kowane haɗari. Sauyin hannu. Wanda korensa ke ƙarewa yana ganin saura 3, sai ya ƙara wuta don kada ta kama shi. Wanda jarsa ke ƙarewa yana ganin saura 3, sai ya tashi. Su biyun sun ci daƙiƙun da ba nasu ba, kuma a cikin waɗannan daƙiƙun ne mai ƙafa yake ƙarasa tsallakawa. Ruwan ɗorawa ma'anarta ka tsaya, sai fa in ka riga ka matso sosai yadda taka birki zai jawo haɗari. Yawanci daƙiƙa 3 zuwa 5 ake ba ta. Bayanta ya kamata a samu daƙiƙa ɗaya ko biyu da kowane hannu yake ja, don mahaɗar ta wofinta. Mu kuma mun mayar da ruwan ɗorawa ta zama "yi maza".

Mai Kurkura: To a cire agogon kawai.

Ɗan Marusa: A'a, ni agogon ne ma yake taimakona. Shi nake kallo in san ko zan kai tsakiya.

Injiniya: Ku duka kuna da hujja. In da ni ne, mai ƙafa zan nuna wa ƙirgen, in ɓoye wa direba. Ga lissafin da ake yi. Titi mai layi biyu kowane ɓangare, kowane layi mita 3.5, mita 14 ke nan. Ƙara dakalin tsakiya ya zama 16. A Ingila an daɗe ana auna lokacin tsallakawa da tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, wato daƙiƙa 13 da ɗan ɗori. Amurka ta rage nata ma'aunin a 2009 zuwa ƙafa uku da rabi a daƙiƙa, wato kusan mita 1.1, don an ga mutane da yawa ba sa kai wancan saurin. Dattijon da ke tafiyar mita 0.8 a daƙiƙa yana buƙatar daƙiƙa 20 cif a wannan titin. In ka ba shi 13, kai da kanka ka tsara ya kasance a kan kwalta lokacin da za a saki motoci.

Baba Mai Ritaya: Injiniya, 20 ɗin ma in gwiwa ta tashi lafiya ke nan.

Bakano a Katsina: Baba sai mu nema maka katin Singafo. Can tsofaffi da masu naƙasa suna da katin da suke ɗorawa a jikin turken danja, ta ƙara musu lokaci.

Direban Jibiya: Duk wannan dogon turanci ne. A yi gadar sama ta masu ƙafa, a ja waya a tsakiyar titi, kowa ya hau. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Mota ta yi tafiyarta, mutum ya yi tasa.

Maman Biyu: Direba, ka taɓa hawa gadar nan da cikin wata takwas? Ko da buhun masara a ka? Mai baro fa, mai kurar ruwa fa, gurgu fa? Ku kuna zaune a kujera kuna taka ƙarfe da ƙafa ɗaya, mu ne za mu hau sama mu sauko don kada a ɓata muku rabin minti.

Injiniya: Gada tana da wurinta, a babbar hanya da ake gudu sosai kuma ba a son tsayar da mota. Cikin gari kuwa sau da yawa ba ta biyan buƙata. Don tirela ta wuce ƙarƙashi sai an ɗaga ta sama da mita 5, matakala talatin da wani abu ke nan hawa, haka sauka. Ku je Legas ko Abuja ku ga yadda ake tsallakawa a ƙarƙashin gada, har da haura waya. Wanda ya fi buƙatar kariya shi ne wanda ba zai iya hawa ba. Da dare kuma mace ba za ta so hawa ita kaɗai ba.

Ɗan Marusa: Ni akwai abin da na lura da shi. Tun da aka buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura a farkon 2023, cunkoso ya ragu, wannan kowa ya shaida. Amma cunkoson nan da muke zagi, shi yake ba mai ƙafa dama. Motar da ke rarrafe ba kasafai take kisa ba. Inda duk aka sauƙaƙa wa mota ta wuce ba tsayawa, can gaba kaɗan inda mutane ke tsallakawa sai ta iso da gudunta.

Nas ɗin Dare: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Maganar gudu ita ce tawa, don mu muke karɓar abin da ya biyo baya. Wanda mota ta buge a ƙasa ba shi da bel, ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi. Babba, bamba takan same shi a ƙafa, ya faɗa kan bonet, kai ya daki gilashi. Yaro kuwa gajere ne, a ƙirji ko a ka take samunsa, wani lokacin ya shige ƙarƙashi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, sama da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Tsakanin shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa a duniya.

Direba, kai ka fi ni sanin birki. A gudun kilomita 50 a awa, mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin idonka ya gaya wa ƙafarka ta taka, wannan ya tafi. Kafin motar ta tsaya cak ka ci kusan ninkinsa, in taya da birki na da kyau ke nan. A gudun 30 duka-duka bai fi mita 13 ba. Wato wurin da mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 bai ma fara taka birki ba.

Direban Jibiya: Sista, wannan kam ba musu. Amma 30 ai tafiyar jaki ce.

Nas ɗin Dare: A gaban makaranta da bakin kasuwa kawai ake magana, ba hanyar Jibiya ba. Taron ministoci na duniya da aka yi a Sitokholm a 2020 shi ma 30 ɗin ya nema a duk inda mutane da motoci ke cakuɗa. Kuma don Allah jama'a, in an buge mutum kada a finciko shi ta hannu da ƙafa a cusa a kurkura a naɗe. In wuya ko gadon baya ya taɓu, ɗaukar ce take ƙarasa shi. A riƙe kai da wuya su miƙe, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ɗura masa ruwa. Lambar Rod Sefti 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112.

Malama 'Yar Daura: Sista na gode, zan kwafa in tura zauren iyaye. Mu a Daura damuwarmu ta ɗan bambanta, titunan da suka ratsa gari an faɗaɗa su, ga motocin Kano da na Kwangwalam. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne direba mai kirki. Zai tsaya ya yafito yara su wuce. Yaran sun ga babba ya ce su wuce, sai su kwasa da gudu. A layi na biyu kuwa wani na tafe, motar mai kirkin ta kare masa yaran, ta kare wa yaran shi. Ina gaya musu, in mota ta tsaya muku, ku tsaya a daidai hancinta ku leƙa kafin ku shiga layi na gaba. Kuma yaron da bai kai shekara goma ba bai iya auna gudun mota da nisanta yadda babba ke yi. Mu kuma sai mu ɗora wa 'yar shekara takwas ƙanne biyu mu ce ta kai su Islamiyya.

Maman Biyu: Wannan ta ƙarshen ta same mu duka, Malama.

Bakano a Katsina: Daura ta Abdu, ga Jami'ar Sufuri a garinku, ai ku ya kamata ku koya mana.

Malama 'Yar Daura: Ba wasa ba, da ɗalibai za su fito da agogo da tef su auna mahaɗun Daura da na Katsina a matsayin aikin kammala karatu, da an samu abin riƙewa a hannu.

Ustaz na Gobarau: Jama'a, akwai ɓangaren da direbobi ke mantawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙoƙin da ya lissafa akwai kamewa daga cutarwa. Wanda ya kashe mutum bisa kuskure, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara, kuma a yau kaffarar azumin wata biyu ce a jere. Ko dangi sun yafe diyya, kaffara tana nan. Wannan fa kuskure ke nan. Wanda ya ga ja da idonsa ya keta, sai ya je ya tambayi malamai matsayinsa, ni dai ba zan so in tsaya a wurinsa ba. Mun iya cewa "ƙaddara ce, kwana ya ƙare", mu shafa fatiha a watse. Imani da ƙaddara bai ɗauke wa mai ganganci alhaki ba.

Direban Jibiya: Allah Ya gafarta Malam, shi mai ƙafar da ya faɗo wa mota fa?

Ustaz na Gobarau: Shi ma ransa amana ce a hannunsa, kuma ya jefa ka cikin tashin hankali. Amma wanda ke riƙe da abin da zai iya kisa, nauyinsa ya fi.

Mai Kurkura: Ni fa na fi son mutum ya ba da hannu a kan danja. Ɗan yalo-fiba ko ɗan KASSAROTA yana ganin tsohuwa zai ɗaga hannu ya tsayar da kowa har ta wuce. Danja ba ta da ido. Ga shi in hunturu ya shiga, ƙura ta rufe farantin sola, batir ya yi sanyi, sai ka zo da asuba ka tarar ta mutu, ko hannu ɗaya na ci uku sun ɗauke. Wannan ya fi babu muni, don mai kore yana ganin shi ke da gaskiya, sauran kuma ba su san an tsayar da su ba.

Ɗan Marusa: Mutum kuma yana gajiya, yana tafiya salla, yana tashi aiki. Ƙarfe goma na dare wa zai tsaya maka?

Bakano a Katsina: A sayo mutum-mutumin Kinshasa. Wata injiniya mai suna Thérèse Izay ta ƙera su, suna tsaye a mahaɗa suna juyi suna ba da hannu. Ba gajiya, ba na goro.

Injiniya: Su ma da sola suke aiki, Bakano, ƙurar ɗaya ce. Ai danjar farko ma, wadda aka kafa a Landan a 1868 kusa da majalisa, ɗan sanda ne yake juya ta da hannu, da iskar gas take ci, kuma ba ta yi wata biyu ba ta fashe ta ƙona shi. Abin lura, don masu tsallakawa a ƙasa aka fara yin ta, saboda kekunan doki sun hana 'yan majalisa ƙetare titi. Danja da jami'i ba kishiyoyi ba ne. Danja ta raba lokaci, jami'i ya tsare farin layi a sa'o'in tashi daga makaranta da cin kasuwa.

Baba Mai Ritaya: Ba ku ce komai ba kan makafi. Ina da aboki tun na ƙuruciya, ciwon suga ya tafi da ganinsa. In ba ɗan jagora, ba ya fita ko nan da masallacin Juma'a.

Injiniya: Baba, akwai danja mai ƙara, takan yi sauti in lokacin mai ƙafa ya yi. A Ingila har da wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin akwatin da ke jikin turken danja, yana juyawa in lokacin tsallakawa ya yi, makaho ya sa yatsa ya ji. Akwai kuma daɓe mai ƙuraje da ake shimfiɗawa a bakin wurin tsallakawa, sanda ko ƙafa ta ji an zo gaɓa, a Japan aka fara shi a 1967. Amma duk waɗannan suna aiki ne in akwai lokacin da aka tsayar da motoci domin mai ƙafa. Ka sa wa danjarmu ƙara a yadda take, ka kira makaho cikin motoci ke nan.

Ɗan Marusa: To mu dawo gida. Mene ne za a iya yi da danjojin da ke ƙasa yanzu, ba tare da jiran kwangilar biliyan ba?

Injiniya: Mafi yawansa a cikin akwatin da ke sarrafa danjar yake. A wuraren da mutane suka fi yawa, a ƙara zango na biyar, kowane hannu ja, masu ƙafa su wuce ta ko'ina. Inda ake sakin mota da mutum a tare, a ba mutum fifikon daƙiƙa 3 zuwa 7 ya riga shiga, yadda mai shan kwana zai gan shi a gabansa, ba ya ɓullo masa ta gefe ba. Sauran fenti ne: a sabunta zanen tsallakawa, a ja farin layin tsayawa baya da 'yan mitoci. Wannan jan layin yana da muhimmanci saboda manyan motoci. Direban tirela ko tifa yana sama, ba ya ganin abin da ke dab da hancin motarsa. Yaro mai tallan fiya wata ko almajiri ya gifta ta nan ana sakin hannu, wallahi direban bai san da shi ba.

Direban Jibiya: Tsaya Injiniya. Hannu huɗu, kowane daƙiƙa 30, minti biyu ke nan. Ka ƙara 20 na Baba. Layi zai ƙara tsawo, inji na ci. Ka san kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023? Wa zai biya?

Injiniya: Kai za ka biya, ba zan ɓoye maka ba. Daƙiƙa 20 a kowane zagaye. Ana iya rage zafin abin, a sa shi ya yi aiki da rana kawai, ko a sa maɓallin da sai an danna. Amma kyauta kam babu. Yanzu ma ana biya, Sista ce take ganin masu biyan.

Mai Kurkura: Ni na yarda da zango na biyar, da sharaɗi. A tsare layin ga kowa. Ba a kama mai kurkura a bar mai baƙin gilashi da jiniya ya wuce ba. In na ga babba ya keta ja ba abin da ya faru, gobe fasinja ba zai bar ni in tsaya ba.

Maman Biyu: Ku kuma ku daina sauke fasinja a kan zanen.

Mai Kurkura: Hajiya, ku ne kuke cewa "a nan zan sauka". In na wuce da taku goma sai an yi mini ƙorafi har a rage kuɗi.

Admin: Jama'a, magana ta yi tsawo kuma ta yi amfani. Shawara: duk wanda ke kusa da wata danja ya ɗauki agogon wayarsa ya rubuto mana daƙiƙa nawa kowane hannu ke samu, ko akwai lokacin da duka suke ja, ko fitilar masu ƙafa tana ci, da faɗin titin ko da taku ne. Injiniya ya haɗa, mu rubuta takarda zuwa ma'aikatar ayyuka da KASSAROTA da ofishin Rod Sefti. Banda ɗaukar hoton fuskar mutane ko lambar mota.

Injiniya: Na karɓa. A auna sau biyu, da safe wajen bakwai da rabi da kuma bayan la'asar. A rubuta ranar, don Juma'a daban take.

Direban Jibiya: In za a rubuta, a sa maganar masu talla da masu bara da ke shiga tsakanin motoci. In babu ita ba zan sa hannu ba.

Malama 'Yar Daura: A sa, amma a rubuta ta a matsayin yaran da ake so a kare, kada ta zama takardar neman a kore su da bulala. Admin, na Daura ni zan auno, sai dai ranar Asabar, sauran ranakun ina aji.